Uwa Ɗaya Kamfani Ya Sani

Da daminar nan da muke ciki yayana Malam Salisu ya cika shekara talatin da takwas da rasuwa. Ni ce autar gidanmu, ni yake ɗorawa a wuya idan ya zo gida, ga shi yau na girme shi da shekara sama da ashirin. Idan na dubi hotonsa ɗaya tilo da ya rage mana sai in ga yaro ne, sa'an 'ya'yana. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, babu kuma titin da aka sa wa sunansa. Makaniken inji ne a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua, wanda ba zan kira sunansa ba tunda shi ma ya daɗe da mutuwa, awaki ke kiwo a inda injinansa suke.

Kowace shekara sadaka nake yi masa in yi shiru. Abin da ya sa bana na ɗauki biro shi ne, wani tsohon ɗalibina, ma'aikacin banki, ya zo gaishe ni ranar Talata da hantsi, hankalinsa kwance. Na ce masa lafiya, ko sallamarka aka yi? Ya ce a'a, hutu aka ba shi, matarsa ta haihu. Na ce to sannu da naƙuda. Ya yi dariya, ya shiga jera mini irin hutun da ma'aikaci ke samu yanzu ban da na shekara da na rashin lafiya: na haihuwa ga mace da namiji, na ƙaro karatu, na aikin hajji, na rasuwa. Da ya zo kan na rasuwa sai na tsayar da shi, na ce su wa da wa aka rubuta? Ya ce uba, uwa, mata ko miji, da 'ya'ya. Na ce wadda ta riƙe mutum fa? Ya ce, "Wannan kam, Malama, sai dai in shugaba ya ga dama." Ya tafi ya bar ni zaune, abincin ranar ban iya ci ba.

Yaya ɗan fari ne, a zamaninmu kuwa ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ana yaye shi, yayar Baba, Goggo Dije, ta taso daga Gozaki ta zo gidanmu a Mahuta ta goye shi ta tafi. Ta sha haihuwa, amma babu wanda ya kai ga tatata a cikin 'ya'yanta. Mijinta ya rasu Yaya yana ƙarami, ta ce ita da aure kuma sai a lahira. Da daddawa ta raine shi. Ita ta riƙe hannunsa ta kai shi elementare a lokacin da wasu ke ɓoye nasu a rumbu, ita kuma ta riƙa takawa har Malumfashi ranar kasuwa ta kai masa ƙuli-ƙuli da sabulu lokacin da ya wuce gaba. Mace ce gajeriya, mai kaifin baki, wadda in ta fara tsokanarka sai ka nemi ƙofa.

Innarmu kuwa, wadda ta haife shi, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Mutumin Gozaki take ce masa. Idan ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, daga bayan asabari za ta amsa da kalma biyu, ta kau da kai. Yana fita sai ta sa a kama kazar da ta fi kowace ƙiba a yanka. Har na yi wayo ban san ciki ɗaya muka fito da shi ba, ɗan Goggo na ɗauke shi, sai da wata yarinya ta goranta mini a bakin rijiya. Na zo da kuka na tambayi Inna, ta ce in wuce in ba ta wuri.

Aikin gurza yana da lokacinsa. Daga an fara kai auduga fuloti, inda ake awonta a saya, bayan kaka har zafin bazara ya kankama, inji ba ya tsayawa, mutane ne ke karɓar juna idan jiniya ta yi kuka. Hutun shekara da damina ake ba da shi, wannan kuwa ya yi wa kowa daidai, domin babu ma'aikacin da ba shi da gona. Amma a tsakiyar aiki ƙofa biyu kawai ake da su. Ko dai ka kwanta ciwo likita ya shaida, ko a yi maka rasuwa. Rasuwar ma an ƙayyade ta: uba, uwa, mata, ɗa. A nan za a ba ka 'yan kwanaki ka je ka zauna, albashinka yana tafiya. In ka tafi da kanka ba a sallame ka ba, to ka tafi ke nan, ka kwashe iyalinka daga kwatas, giratutinka kuma ya bi ruwa.

Inna ta rasu a tsakiyar irin wannan lokaci, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Ina sabuwar amarya a Malumfashi, na fara koyarwa. Wani direban babbar mota mai ɗauko auduga daga Dandume ya kai wa Yaya labari, lokacin an riga an kai ta. Ya wanke hannu ya shiga ofis wurin akawu.

Akawun nan sunansa Malam Rasaki, Bayarabe ne amma haifaffen Funtua, mahaifiyarsa kwanuka take sayarwa a kasuwa. Hausarsa ta fi tawa. Da Yaya ya faɗa masa abin da ke tafe da shi, sai ya yi masa gaisuwa, ya ajiye biro ya ce, "Malam Salisu, wace uwar? Na san ku fa. Tsohuwar da ke aiko maka daddawa ce?" Yaya ya ce a'a, wadda ta haife shi ce. Rasaki ya ce, "To ka sani, hutun uwa sau ɗaya ake ba mutum. In na rubuta yau, an rufe ke nan." Yaya ya yi tsaye. Bai taɓa tunanin abin ta wannan fuska ba, domin a wurinmu ba a taɓa sa mutum ya zaɓa. Ya ce a dakata masa, zai je ya ɗauko Goggo, tunda dama dole ta je makokin matar ƙaninta.

Ya hau babur ya tafi Gozaki, ya same ta tana shanya kalwa. Ya faɗa mata rasuwar, ta zauna ta yi kukanta. Sannan ya faɗa mata maganar Rasaki, ya ce shi dai yana ganin ya kai ta Mahuta ya yi gaisuwa ya juyo bakin aiki, ya ajiye hutun. Su biyun duk sun ba ni labarin nan daga baya, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ta share ido da bakin zane ta ce, "Mi kake faɗi haka? Matar nan ta haɗiye sunanka shekara talatin da wani abu saboda ni. Ko sau ɗaya ba ta aiko ta ce a maido mata ɗanta ba. Yau ɗin ma ni zan amshe? Je ka zamna mata. Ni da damina zan mutu, kana gida, in hutar da kowa." Ya yi dariya duk da halin da ake ciki. Ya goya ta a babur suka biyo ta Funtua, ta tsaya a inuwar bishiya a bakin ƙofar kamfani, ya shiga ya ce wa Rasaki ya rubuta.

Ya yi kwana uku a ƙofar gidanmu kusa da Baba yana karɓar gaisuwa. Mutane suka yi ta sa albarka, ana cewa Inna ta bar baya. Ni da nake leƙowa daga cikin gida na ga yadda ya zauna, a ɗofane, kamar baƙon da ya zo rakiya. Bai yi kuka ba, ban kuma ga laifinsa ba. Goggo ce ta yi kukan da ya isa su biyu.

Bayan shekara uku Goggo ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya koma sama-sama, kuma auduga ta cika fuloti. An yi sa'a makarantu na hutu, na tafi Gozaki na zauna da ita. Da farko Yaya yakan saci jiki tsakanin jiniya da jiniya ya zo a guje, gashinsa fari fat da auduga, ya zauna a bakin gado bai fi a sha ruwa ba. Ita ke korarsa. "Tashi ka koma kar su kore ka, yara su kwana a titi." Zuwansa na ƙarshe ta riƙe hannunsa ta ce, "Na so in cika maka alkawali, Salisu, amma daminar ta yi nisa." Ya ce ta daina irin wannan magana. Ta ce shi ya daina yi mata fuskar tausayi, ba ta yi masa kyau.

A makon nan ne inji ya datse wa ɗaya makaniken yatsu, aka kwantar da shi a asibiti. Su biyu ne dama. Yaya ya koma shi kaɗai, ko an tashi ba ya nisa da ɗakin inji. Goggo ta cika wata safiya bayan sallar asuba, kanta a cinyata. Kafin azahar an kai ta. Muka aika Funtua, muka aika Mahuta, aka share zaure aka shimfiɗa tabarma.

Abin da ya faru a ofis Malam Rasaki ne ya ba ni labarinsa da bakinsa, shekaru bayan haka, ya tsufa ya bar aiki. Da Bature ne manajan da na ce jahilci ne, bai san mu ba. To Bahaushe ne ɗan'uwanmu, Alhaji, mai sallah a sahun gaba. Yaya ya shiga ya ce, "Ranka ya daɗe, uwata ta rasu." Manaja ya yi masa gaisuwa, ya sa akawu ya buɗe masa littafi, ya duba, ya ce ai uwar Salisu ta rasu tun shekara uku. Rasaki ya fara bayani, Alhaji ya ɗaga masa hannu. "Rasaki, ni za ka koya wa riƙo? Ni ma goggota ta raine ni. Shi ya sa ba zan buɗe ƙofar nan ba. Kowa a gidan nan uwa huɗu gare shi. In na ba Salisu yau, kafin Juma'a babu mai tsayawa kan inji." Na yi shekaru ina tsine wa mutumin nan a zuciyata. Da na manyanta na shugabanci makaranta, na gane ba ƙarya ya yi ba. Amma ganewa daban, yafewa daban, ni kuwa har yau ban kai ga na biyun ba.

Da suka fito, Rasaki ya ja shi gefe ya ce akwai dabara. "Babanka na raye, hutunsa na nan ba a taɓa ba. In rubuta Baba, Alhaji zai sa hannu bai duba ba, na san shi." Ba sabon abu ba ne, akwai wanda ya binne ubansa sau biyu a kamfanin nan, tsohon kuwa yana can yana cin kasuwarsa. Yaya ya ce, "Ƙaninta ne fa. Shina can zamne shina amsar gaisuwar yayarshi, ni kau in kashe shi da baki a nan? Ba zan iya ba."

Ya koma kwatas. Matarsa, Yaya Hauwa, da tsohon ciki ga yara huɗu a gabanta, ta ce masa ya tafi, Allah ba zai hana su wurin kwana ba. Ya fito da babur ya tura shi har bakin ƙofar kamfani, ya tsaya yana riƙe da shi. Maigadi ya ce ya daɗe a tsaye a wurin. Sannan ya juya ya jingine babur ɗin ya shiga ɗakin inji. Da aka tashi cin abinci Rasaki ya shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin, ma'aikata suka yi layi, Musulmi da Kirista, kowa ya zo ya durƙusa. Ƙarar inji ba ta bari a ji komai, sai dai ka ga baki yana motsi an ɗaga hannu an shafa. Yaya bai taɓa mantawa da wannan alheri ba, ni ma haka.

Amma a Gozaki babu wanda ya san da wannan. Baba ya zo ya zauna a zaure da dangin mijin Goggo, tsoho da shi, ba ya ko ji sosai. Duk wanda ya shigo, bayan ya yi addu'a sai ya waiga ya ce ina Salisu? A ce yana wurin aiki. Sai mutum ya ce to, irin "to" ɗin nan da ya fi zagi ciwo. A cikin gida ina raba wa mata goro na ji wata tsohuwa tana ce wa ta kusa da ita, ba da mugunta ba, da tausayi ma ta faɗa, "Allah sarki Dije. Ashe dai ba ta haifa ba." Na ajiye farantin na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Wanda bai san ƙauye ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. Matar da 'ya'yanta duk suka mutu, abin da ta tsira da shi a duniya shi ne a ce mata uwar Salisu. Shekara talatin da biyar ana kiranta haka, a kwana uku aka karɓe.

Sai da mako ya zagayo aka samo wani makanike daga Zariya, Yaya ya sami rabin yini. Ya iso an naɗe tabarma, kowa ya watse. Ya je maƙabarta ya dawo. Ban yi niyyar faɗa masa maganar tsohuwar ba, amma a ƙauye magana ba ta kwana, kafin ya hau babur wani ya riga ya kai masa.

Da damina ta faɗi aka ba shi hutunsa na shekara, sai ya aiko mini in same shi a Gozaki ranar Juma'a in an tashi makaranta, in zo da shirin girki. Na zo na tarar ya share zauren Goggo, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tabarma, ya sa fararen kaya ya zauna. Na ce Yaya lafiya? Ya ce gaisuwa zai karɓa. Na buɗe baki in yi magana, na dubi fuskarsa, na wuce na ɗora tukunya.

Lokacin noman farko ne. Duk mai ƙafa yana gona tun da sassafe, garin babu kowa sai kaji da tsofaffin da ba sa fita. Masu wucewa da fartanya a kafaɗa sukan tsaya su ce, Malam Salisu, yaushe a gari? Ya ce gaisuwar Goggo yake karɓa. Sai kunya ta kama mutum, ya tsuguna a bakin zaure ya karanta fatiha a gurguje, ya ce ciyawa ta ci gona, ya wuce. Wasu da suka hango shi sai su canja hanya. Tuwon da na tuƙa na mutum ashirin ya kwana, na ɗumama, ya sake kwana. A rana ta biyu liman ya zo da sandarsa ya zauna kusa da shi ya ce, "Ɗana, an yi addu'a, an gama. Sake zaman makoki ba shi da asali. Tashi ka naɗe tabarmar nan." Yaya ya ce, "Na sani, Malam. Ba don shina da asali na zamna ba. Don a san tana da ɗa ne." Liman ya zauna da shi har la'asar.

Ranar ta uku hadari ya taso da yamma, ruwa ya fara feshi cikin zaure. Ya tashi ya naɗe tabarmar da kansa, ya jingine ta a bango, ya kifa kansa a kanta. A nan na fara ganin kukan Yaya, mutumin da inji ya taɓa tsaga wa hannu bai ce uffan ba. Na tsaya a bayansa. Har yau idan na tuna wannan yammacin zuciyata karyewa take yi, kuma tsufa bai rage komai ba.

Daga nan ya canja. Mutumin da ba ya son taro sai ga shi a sahun gaba a duk zaman ƙungiyar ma'aikata. Magana ɗaya yake kawowa kowace shekara: ranar da aka ɗauki mutum aiki a tambaye shi wace ce uwarsa, wane ne ubansa, ya faɗa da bakinsa, a rubuta wanda ya faɗa. Bai nemi a ƙara ko kwana ɗaya ba, bai ce a ba kowa uwa huɗu ba. A tambayi mutum kawai. Shugabannin ƙungiya suka riƙa cewa magana ce mai kyau, amma a bari a gama da batun albashi tukuna. Batun albashi kuwa ba a taɓa gama shi ba tun da aka halicci albashi. Har suna suka sa masa, Salisu mai uwa biyu, yana amsawa.

Tari ya kama shi, irin wanda ke kama masu daɗewa cikin ƙurar auduga. Ya rasu da damina, a cikin hutunsa na shekara, a Gozaki inda yake zuwa noma 'yar gonar Goggo. Saura 'yan makonni a ba mu jihar Katsina, bai gan ta ba. Ko yini ɗaya bai ci wa kamfani ba da mutuwarsa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Hutun da ake ba namiji don matarsa ta haihu zai ba shi dariya, amma na san zai ce an kyauta, domin ya ga yadda Yaya Hauwa ta riƙa tashi daga naƙuda ta ɗora tukunya. Zai ji daɗi ya ga a wasu wuraren ana barin mace ta yi takabarta a ɗaki ba tare da ta rasa aikinta ba. Ba na hassada da ko ɗaya, na ci moriyar wasu ma ina aiki. Amma zai nemi a nuna masa inda aka rubuta mutanen da ake ba da hutu in sun mutu, ya ga huɗun nan dai su ne, ya mayar da takardar.

Masu ilimi suna ce mini ai riƙo ya wuce, yanzu kowa yana riƙe nasa. Ina gayyatarsu su zo Dandume da ƙauyukan da ke bayanta su ƙirga gidajen da kaka ko goggo ko maƙwabciya ke riƙe da yaran da rashin tsaro ya raba da iyayensu. Waɗannan yaran nan da shekara ashirin su ne ma'aikata. Wata rana ɗayansu zai shiga ofis ya ce uwarsa ta rasu, a duba a ce masa ai tun yana goye ta rasu. Ni tsohuwar malamar firamare ce, ban san yadda ake rubuta doka ba. Na dai san tambaya ɗaya ba ta cin kuɗin kowa.

In aka ce mene ne ya rage na Yaya, ba zan nuna doka ba, domin ba a canja ta ba. Ba zan nuna kamfani ba. 'Ya'yansa mata suna nan, sun yi albarka, amma wannan kowa ma yana bari. Abin da ya bari wanda ya shafe ni, mutum ɗaya ne. Bayan zaman nan na damina na yaye ɗana na fari, Yaya ya zo ya ce a ba shi. Na ba shi, kamar yadda aka yi wa Inna. Yaron yana firamare Yaya ya rasu. Mijina ya ce mu ɗauko abinmu, mace da marayu biyar ina za ta kai na shida? Na je da niyyar haka, na tarar da Yaya Hauwa tana yi masa wanka tana faɗa da shi kan ya yaga wando. Ta ɗago ta dube ni, ta gane abin da ya kawo ni, ta ci gaba da wankan. Na gaishe ta na juyo. Da keken ɗinki ta kai shi har jami'a.

Yau babban mutum ne a wani kamfani a Legas. Na sa ƙanwarsa ta bincika mini, kamfanin nasu ma uwa ɗaya suka sani. Yaya Hauwa ta kwanta tun bara, sai an tayar da ita. Ni kuma ga hawan jini ga ciwon suga, likita ya gaji da yi mini faɗa. Babu wanda ya san wadda za ta riga wata. Tsakanina da shi gaisuwa ce, in ya kira waya ina amsawa da kalma biyu in miƙa wa wani, haka aka raine mu, na tsufa kuma ban iya wani abu daban ba. Wannan magana ba zan iya faɗa masa baki da baki ba. Amma an ce mini ba ya fashin karanta wannan jarida.

Allah ya jiƙan Yaya Salisu, ya jiƙan Inna da Goggo Dije, ya sa sun sadu a inda ba a tambayar wace ce ta gaske.

Kai kuma, mutumin Funtua, ka saurara. In ni na riga ta, kada ka taɓa hutun nan. Ka yi mini addu'a a inda kake, ka koma bakin aikinka, in ka sami sarari daga baya ka zo ka ga kabari. Kada ka ɗauka ba na so ne. Allah ya sani babu abin da nake so kamar in san za ka zauna a ƙofata ko na yini ɗaya, a shigo a ce ga babban ɗanta nan. Amma ina da ƙannenka maza uku a garin nan, za su cika zaure. 'Ya'yan Hauwa maza biyu duk sun riga ta, matan kuma a cikin gida za su zauna. A ƙofata babu wanda zai waiga ya ce ina ɗanta. A ƙofarta za a ce.